Bokiti Shida a Ƙofar Masallaci

Sunana Lawali, tela ne ni a Zongon Parakou, amma gidanmu yana Djougou, wadda mu muke kira Zugu. Yau wata biyar ke nan da rasuwar mahaifina, Alhaji Garba mai goro. Na so in bar maganar nan a cikina har in koma ga Allah, sai makon jiya na ga wani dattijo a unguwar Ladjifarani a kan irin keken lantarkin da Baba ya hau, ɗansa na biye da shi. Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwana, na kasa buɗe baki in ce musu komai. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko wani zai karanta ya tsira daga abin da na aikata.

Ciwon ya fara ran wata Talata da hantsi. Baba na zaune a rumfarsa yana yayyafa wa goro ruwa, sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya sunkuya zai ɗauka, ya tafi gaba ɗaya. Inna ta kira ni a waya tana kuka, ta ce bakinsa ya karkace, in taho. Kafin in iso Zugu dangi sun gama yanke hukunci, wai iska ce ta buge shi. Na tarar an turara ɗakin har ba a ganin mutum, Gwaggo, yayarsa, na shafa masa man shanu da tafarnuwa, wani kuma ya kawo rubutu cikin galan. Ban raina rubutu ba, da shi aka raine ni. Amma mutum na kwance rabin jikinsa ba ya motsi, ana ta musu a kan wane malami ya fi wani. Kwana biyu muka ɓata a haka. A na uku na yi rashin kunyar da ban taɓa yi ba, na ɗauko taksi na sa shi ciki, Gwaggo na bina da baki har bakin titi.

A asibitin da muka je a Parakou, tun azahar muke kan benci, sai gab da magariba aka samu gado. Daga nan kullum safiya a miƙo mini takardar magani in ruga farmasi, in dawo a ce wani ya rage. A mako na biyu na sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkina biyu. Na yi fushi da mutane da yawa a wurin nan, amma akwai wata nas da har gobe nake yi wa addu'a. Ba Bahaushiya ba ce, Hausarta ta kasuwa ce, ita ta kama hannuna ta koya mini yadda ake juya mara lafiya ba tare da an ja masa fata ba. Likitan ya ce tansiyo ne, wato hawan jini, ya fasa wata jijiya a kai. Ranar da za a sallame mu ya tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Il faut qu'il bouge," ya ce. "Dole ya motsa, ka ji? Ciwon ya yi ɓarnarsa ya wuce. Yanzu gado ne abokin gabarku. In ya kwanta ya ƙi tashi, fatar bayansa za ta buɗe, mu muna kiransa escarre. In ya buɗe a jikin tsoho, sai Allah."

Muka koma Zugu. Magana ta dawo wa Baba, ko da yake tana fita da nauyi, hannunsa na dama kuma lafiya lau. Na aro keken guragu na turawa a wurin wani maƙwabci. Baba ya dube shi ya dube ni.

"Ni buhun goro ne da za a tura ni cikin gari mutane na kallo?"

Na ce to ya tura da kansa. Da hannu ɗaya abin sai ya yi ta juyawa a wuri ɗaya, har Inna ta shige ɗaki don kada ya ga hawayenta. Daga ranar ya ƙi hawa. Wanda bai san Baba ba zai ce girman kai ne, kuma akwai shi, ba zan ɓoye ba. Amma mutumin nan ya fi shekara arba'in yana sallar Juma'a a sahun farko, dama da liman, da ƙafarsa yake zuwa kafin kowa. Bai taɓa tambayata yaushe zai koma kasuwa ba. Tambayarsa ɗaya ce, yaushe zai shiga masallaci. Duk Juma'a in ya ji kiran farko sai ya juya fuskarsa bango, ranar kuma ko ruwan kunu ba ya karɓa.

Ƙanwata Rabi, da ke aure a Faransa, ita ta ce akwai keke mai batir wanda ake tuƙawa da hannu ɗaya. Ta samo na hannu ta sa a jirgin ruwa. Mako bakwai muna jira, ni ina kai da komo tsakanin Parakou da Zugu, aikin mutane na taruwa a shago suna zagina. Da ya iso sai da ƙarti uku suka sauke shi. Kujera ce baƙa mai tayoyi shida, akwatin batir a ƙarƙashi, da ɗan sanda kamar yatsa a hannun dama. Tare da shi akwai wani littafi mai kauri da Faransanci. Na iya karatu, na yi makaranta har aji shida. Na buɗe shafin farko na ga yadda ake sa shi a caji, na rufe na jefa a durowa.

A tsakar gida Baba ya koyi tuƙi. Ran farko ya fasa wa Inna randa, ya yi dariyar da rabonmu da jinta tun kafin ciwon. Ya sa masa suna jakin Faransa, ya ce kakanninmu da jakuna suka shigo garin nan da goro, shi ma ga nasa ya iso. Ran nan malmala biyu ta tuwo ya ci.

Fitowa waje ita ce ta zama aiki, domin ba wanda ya san mene ne wannan abin. A mararraba wani polis ya tare mu, ya zagaya keken sau biyu yana neman sanin ko babur ne.

"Bon, Alhaji, wannan moto ce ko kujera? In moto ce, ina kaske ɗinka?"

Baba ya ce shi bai taɓa ganin mai zaune a kujera da hular kwano ba. Aka kira babbansu, mutum mai hankali, Allah Ya saka masa. Ya ce ba shi da takardar da ta yi maganar irin wannan, amma ga abin da yake so: a bi gefen titi, kada gudu ya wuce na mai tafiya da ƙafa, a ɗaura jan ƙyalle a dogon sanda don 'yan zem masu haya da babur su hango shi, kada kuma a fita in duhu ya yi. Na ɗinka ƙyallen da kaina. A kasuwa mai gadi ya ce dokar babura ita ce a kashe inji a tura, Baba ya juya ya koma gida. Da muka je Parakou a duba shi, mai gadin asibiti ya tare ƙofa yana cewa babura a waje suke tsayawa, sai da nas ɗin nan ta fito ta yi masa faɗa. Cikin mako biyu na saba da abu ɗaya: duk wanda na tarar a bakin ƙofa, abin da ya faɗa shi ne doka, in yi masa biyayya mu wuce lafiya.

Da Baba ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya ce Juma'a mai zuwa zai shiga masallaci. Ran Alhamis na je neman izini. Liman ya yi tafiyar ta'aziyya, sai na samu Malam Isiyaku, wanda ke riƙe da mabuɗai yana share tabarmi, abokin Baba ne tun suna samari.

"Lawali, taya ai takalmi ce," ya ce. "Ta taka kashin awaki, ta taka ruwan kwata. Kai za ka hau tabarmar sallah da takalminka? A bar keken a ƙofa, a ɗauko Alhaji a hannu."

"Allah gafarta Malam, ka san Baba. Ya gwammace ya mutu a ɗaki da a ɗauke shi kamar jariri a gaban jama'a."

 Ni ne na kawo dabarar, kada wani ya ɗora wa Malam Isiyaku. Na ce in najasa ce matsalar, ai ruwa na kawar da ita, mu wanke tayoyin a bakin ƙofa. Ya yi murna ya ce haka ya yi. Na koma gida ina jin kaina wani mai wayo.

Damina ce, an yi ruwa da safe, hanya duk taɓo. Baba ya sa farar babbar rigar da na ɗinka masa, ya fesa turare, ya tuƙa kansa tun daga zaure har masallaci, jan ƙyalle na kaɗawa, mutane na fitowa daga shaguna suna yi masa barka. Mun isa da wuri. Muka sauke shi a benci bayan katangar wurin alwala, inda ba mai ganinsa, maƙwabcinmu na zuba masa ruwa. Ni da Malam Isiyaku muka ja keken gefe. Da buta na fara, ina bin tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Malam ya leƙa ya ce, "Ƙarƙashin fa? Dubi yadda taɓo ya fantsama." Sai na ɗauko bokiti. Muka karkata keken, na sheƙa masa ruwa, na sa soso na dirje akwatin nan na ƙasa har ya yi ƙyalli. Bokiti shida na zuba. Na goge wurin zama da rawanina, muka mayar da Baba.

Ya taɓa sandan, keken ya tafi. Jama'a suka dare masa hanya, ana "Alhaji, sannu da fitowa, Alhaji, Allah Ya ƙara sauƙi." Ina bayansa ina ganin yadda ya miƙe wuya. Tayoyin gaba suka taɓa bakin tabarma, 'yar fitilar da ke hannun keken ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu. Ya tura sandan gaba, shiru. Ya ja baya, shiru. Na danna duk abin da ke dannuwa. Na sa ƙarfi in tura, tayoyin sun ƙame kamar an kafa su da ƙusa. Ga shi mun toshe ƙofa, mutane sun taru a baya, na'ibi na shirin hawa mumbari. Sai wani daga cikin taron, har yau ban san ko wane ne ba, ya ce, "Ikon Allah, daidai ƙofa!"

Mutum huɗu suka ɗaga keken da Baba a kai, suka ajiye shi waje, wurin da ake tara takalma. A nan ya yi sallar Juma'arsa. Ban ga ya ɗaga kai ba har aka sallame.

A motar maƙwabci aka mayar da shi, keken kuma a amalanke. Ni a zatona batir ne ya ƙare. Na sa caji kwana biyu, ko motsi. Baba bai tambayi keken ba ko sau ɗaya. A rana ta uku na ji yana gaya wa Inna, a hankali, da nauyin bakin nan nasa:

"Keken nan ya hau titi. Ya je bakin kasuwa. Ya shiga asibiti. Sai ɗakin Allah ne ya ƙi shiga da ni. Hajiya, ba inji ba ne. Korata aka yi."

Daga nan abinci ya tsaya. Cokali biyu, ya kau da kai. In na zo juya shi sai ya riƙe ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya ya ce in bar shi. Ya shiga aika a kira masa mutane yana neman gafara, har wani da suka yi cacar baki tun ina goye. Yana ta laluben laifin da ya yi wa Ubangiji, mu kuma muna ta laluben abin da zai ci. Gwaggo ta dawo da turarenta, tana cewa ai ta faɗa tun farko, kayan Nasara ba sa shiga inda ake ambaton Allah.

Na kai keken Parakou wurin wani mai gyaran kayan lantarki a unguwar Guéma. Sai da ya yi kwana biyar kafin ya taɓa shi. Ina tsaye ya kwance akwatin ƙasa, ruwa ya tsiyayo a kan takalminsa, cikin duk ya yi kore.

"Patron, wa ya yi wa abin nan wanka?"

 Ya ce in kawo littafin. Da na kawo, ya buɗe shafi na huɗu ya nuna mini hoton famfo an ja masa jan layi. Ya kuma sunkuya ya nuna mini wani ɗan ƙarfe kusa da tayar baya, ya ce in an ja shi ƙasa keken na turuwa da hannu ko ba wuta. Da na san wannan kaɗai, da na tura Baba cikin masallaci ran nan ba wanda ya lura. Ya ce abin da ya ƙone ba a samunsa ko a Kwatano, sai an aiko daga inda keken ya fito.

Ku da kuke da irin wannan keke a gida, ku ji ni. Tsumma mai ɗan laima ya isa taya. Kada ruwa ya kusanci ƙarƙashinsa, ko na sama ne ku rufe shi da leda. Ku nemi ɗan ƙarfen nan ku san inda yake tun kafin ku fita. Kafin ku kai mara lafiyarku kasuwa ko asibiti ko masallaci, ku je ku samu mai wurin da kansa, kada ku tsaya ga wanda kuka tarar a ƙofa. Littafin kuma a karanta shi, in ba ku iya ba ku kai wa wanda ya iya.

Wankan nan shi ne kuskurena na farko, kuma jahilci ne. Na biyun ba jahilci ba ne. Na fito daga shagon nan na san gaskiya, na haɗiye ta. Ni ne babban ɗa, ni ne na yi wa Gwaggo tsawa a gaban mutane don na fi kowa sanin asibiti. Yaya zan tsaya a tsakar gida in ce da hannuna na kashe abin? Da Rabi ta kira sai na ce mata ƙila ruɓaɓɓen kaya aka sayar mata. Ta yi ta kuka tana ba ni haƙuri. Na ce wa kaina in kayan gyaran ya iso, keken ya tashi, Baba ya shiga masallaci, magana ta mutu ba wanda ya ji.

Liman ya dawo, ya ji labari, ya zo har gida. Ya ce wa Malam Isiyaku a gabanmu ai da gogewa kawai aka yi ta wadatar, mara lafiya yana da sauƙin da mai lafiya ba shi da shi. Ya zauna a bakin gado ya yi wa Baba nasiha mai tsawo, ya ce Allah ba Ya korar bawan da ya nufo ɗakinSa.

"Allah gafarta Malam," in ji Baba, "kai abin da ke cikin littafi kake faɗa. Ni abin da na gani da idona nake faɗa."

Ina tsaye a bakin ƙofa da maganin ciwonsa a bakina, na yi shiru.

Mako uku bayan mai gyara ya nuna mini ruwan, Inna ta kira ni ta ce ɗakin na wari. Da muka juya shi da ƙarfi, ƙasan bayansa ya buɗe, faɗin tafin hannuna, tsakiyar ya yi baƙi. Zazzaɓi ya rufe shi. Muka sake kwasa sai Parakou, aka sake zaman benci, aka sake takardun magani. Likitan nan ya duba gyambon, ya ɗago ya dube ni, bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ƙwayar cuta ta shiga jini, za su yi iya ƙoƙarinsu, amma jikin da ba ya cin abinci ba ya haɗe rauni. Ya ce, "Me ya hana shi ci? Maƙogwaronsa lafiya lau ne."

Washegari da hantsi, bayan nas ta wanke gyambon ta fita, Inna ta tafi neman ruwan zafi, na durƙusa a gaban gadon. Baba ya rame har zoben azurfarsa na zamewa daga yatsa.

"Baba, ina da magana. Keken nan, ni na kashe shi."

Ya buɗe ido.

"Ran Juma'ar nan, kana alwala, ba goge tayoyin kawai na yi ba. Ruwa na zuba masa har cikin injin. Mai gyara ya buɗe ya nuna mini. Ba ya son ruwa, an rubuta a littafin, ban karanta ba. Ko ƙofar gidan giya ka nufa ran nan, a nan zai tsaya."

Ya daɗe yana kallona.

"Da buta?"

"Da bokiti."

"Nawa?"

"Shida, Baba."

Sai na ga ɓarin bakinsa mai lafiya na rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce take son fitowa ba ƙarfi. Hawaye na gangara cikin kunnensa yana cewa, "Shida. Alhamdu lillahi. Ashe ba korata aka yi ba. Ashe wautar ɗana ce. Alhamdu lillahi." Ya ɗora hannunsa a kaina ya ce, "Na yafe maka ruwan nan, Lawali. Tsarki ka nufa."

Na kifa kaina a katifa ina kuka kamar yaro. Can ya ce, "Yaushe mai gyaran ya gaya maka?"

Na so in ce jiya. Wallahi na so.

"Mako uku ke nan."

Ya janye hannunsa a hankali. Ya rufe ido har na zaci barci ya ɗauke shi. Da Inna ta shigo sai ya ce mata, "Hajiya, akwai kunu?" Kwanon ya kusa faɗuwa daga hannunta. Ya sha cokali biyar. Da la'asar ya ƙara. Ya ce a gaya wa Liman Juma'a mai zuwa yana tafe, ko a goye ne a kai shi, ya daina jin kunyar kowa. Kwana huɗu yana ci yana yarda a juya shi, har na fara sa rai. Amma cutar ta riga ta yi nisa. Ran Laraba bayan azahar ya cika, Inna na riƙe da hannunsa, yana salati.

Na gode wa nas ɗin nan, da likitan, da Malam Isiyaku wanda ya yi masa wanka yana kuka. Rabi na gaya mata gaskiya ran sadakar uku, har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wanda ya karanta wannan ya sa Alhaji Garba a addu'a, Allah Ya haskaka makwancinsa. Ni ma a sa ni. A cikin kwana huɗun nan ya kira sunana sau da yawa, ya sa na gyara masa matashi, ya sa na yanke masa farce. Ruwan ya ce ya yafe. Mako ukun bai sake ambata ba, ni kuma ban samu ƙarfin tambayarsa ba.